Asalin Kalma: Sommelier

A manyan gidajen abinci na Faransa, sommelier, da ake furtawa "someliye", shi ne ma'aikacin da ke kula da rumbun giyar inabi, ya ɗanɗana ta, ya ba baƙi shawarar wadda za ta dace da abincinsu. Sai dai kalmar ba daga inabi ta samo asali ba, daga bayan dabba ta sauko.

Tushenta sagma ne na Girkanci, wato sirdin ɗaukar kaya. Ta bi ta Latin ta shiga tsohon Faransanci a matsayin somme, kaya, da sommier, dabbar dako. Mai kula da waɗannan dabbobi da guzurin sarki idan an fita rangadi shi aka kira sommelier. Sannu a hankali aikinsa ya koma kula da teburi, daga baya ya tsaya ga giya kaɗai.

Yau gwanintarsa tana fitowa idan aka miƙa masa farar giya ba tare da kwalba ba. Inabin wuraren sanyi, kamar Shabli a Faransa ko kwarin Mosel a Jamus, yana nuna a hankali, tsaminsa ba ya gushewa, ƙamshinsa kuma ya karkata ga lemon tsami da tuffa. Da waɗannan alamu yake gane yankin. Masu ɗanɗano sukan tofar bayan sun kurɓa, don kada maye ya dagula hukunci. An kafa ƙungiyar masu aikin sommelier ta duniya a birnin Reims a 1969.