Su Wa Za Su Shiga Goma Sha Ɗaya? Tarihin Wata Gardama a Duniyar Kurket



Yau kurket na ɗauko mana, wasan da na san yawancinmu ba ma kallo, ko da yake magabatanmu da suka yi Kwalejin Katsina sun buga shi, ciki har da Sardauna Ahmadu Bello. Akwai wata gardama da masoya wasan suka daɗe suna tafkawa: idan aka tattaro duk wanda ya taɓa buga wa ƙasarsa tun daga 1877, shekarar da Ingila da Ostireliya suka yi karawar farko a birnin Melbon, aka ce a zaɓi goma sha ɗaya, su wa za su shiga? Mai son rubuta tarihi zai ƙaru da wannan gardama, domin a nan alƙaluma sun cika sun batse, amma duk da haka an kasa daidaitawa.

Ga wanda bai san wasan ba, kowane ɓangare mutum 11 ne. Mai jifa yana jefo ƙwallo don ya buge turaku uku da aka kafa, mai duka kuma yana gabansu riƙe da sanda, yana kare su yana kuma dukan ƙwallon don ya tara maki. In aka buge turakun, ko aka cafe ƙwallon da ya daka kafin ta taɓa ƙasa, an fitar da shi ke nan. Babban wasa shi ne wanda ake kira Tes, mai kai wa kwana biyar. Yadda ake auna mai duka kuwa, a raba jimillar makinsa da sau nawa aka fitar da shi. Duk wanda lissafinsa ya kai 50, an sallama masa gwani ne.

Mutum ɗaya ne babu jayayya a kansa, wato Don Bradman na Ostireliya. A wasanni 52 ya tara maki 6,996, an fitar da shi sau 70, lissafinsa ya tsaya a 99.94. A wasansa na ƙarshe, a filin Oval na Landan cikin 1948, maki 4 kawai yake nema ya cika 100 cif, sai Eric Hollies ya fitar da shi a jifa na biyu bai ci ko ɗaya ba. A shekarar 2000, Wisden, kundin kurket da ake bugawa duk shekara a Ingila tun 1864, ya nemi masana 100 kowa ya rubuta gwarazan ƙarni biyar. Dukkansu sun rubuta Bradman. Garfield Sobers na Barbados ya samu ƙuri'a 90. Daga nan sai kawuna suka rabu: Jack Hobbs 30, Shane Warne 27, Viv Richards 25. Ku lura da ratar da ke tsakanin 90 da 30, a nan gardamar take.

Jeri biyu ne aka fi kafa hujja da su, wanda shafin Cricinfo ya fitar a 2010, da wanda Wisden ya fitar a 2013, shekarar bugunsa na 150. Sun haɗu a kan mutum takwas: Hobbs, Bradman, Sachin Tendulkar, Richards, Sobers, Malcolm Marshall, Warne da Wasim Akram. A gurbi uku suka saɓa. Inda Cricinfo ya sa Len Hutton, Adam Gilchrist da Dennis Lillee, Wisden ya sa W.G. Grace, Alan Knott da Sydney Barnes. Duka ukun da Wisden ya kawo Ingilawa ne, biyu daga cikin waɗanda ya ture kuma 'yan Ostireliya ne. Wani zai ce son kai ne, so kuwa duk so ne amma son kai ya fi. Sai dai in aka bi guraben ɗaya bayan ɗaya, za a ga kowane ɓangare da ma'aunin da ya riƙe.

Grace lissafinsa a Tes 32 ne da 'yan kai, wanda a yau ba zai ba mutum suna ba. Amma an haife shi a 1848, bai fara Tes ba sai 1880, bayan ya riga ya ci ganiyarsa a wasannin cikin gida, kuma shi ake jingina wa salon dukan zamani. Wanda ya zaɓe shi, tasiri ya auna. Knott da Gilchrist kuwa masu tsaron bayan turaku ne. An shaidi Knott da tsabtar kamu, amma lissafin dukansa 32.75 ne, na Gilchrist 47.60. Tambayar ita ce: wanda ya fi iya aikin gurbin za a ɗauka, ko wanda zai ƙara wa tawaga maki? Barnes ya fitar da mutum 189 a wasanni 27 kacal, Lillee 355 a wasanni 70. Masu sukar Barnes suna cewa a zamaninsa ba a rufe fili idan ana ruwa, damshin kan taimaki mai jifa. Masu kare shi kuma su ce sauran majefan zamaninsa a kan filin nan suka yi jifa, me ya hana su kamo shi?

Matsalar zamani ta taɓa har manya. Bradman bai taɓa buga Tes a wajen Ingila da Ostireliya ba, alhali Tendulkar ya yi wasanni 200 daga 1989 zuwa 2013 a nahiyoyi daban-daban, ya tara maki 15,921. Amma Tendulkar da hular kwano ya yi wasa, wadda ba ta shigo ba sai ƙarshen shekarun 1970, Bradman kuwa da hular yadi ya fuskanci jifan da ake auna jikinsa da shi. Ba wanda zai iya ɗauko su biyun ya ajiye a fili ɗaya, don haka kowane kwatanci sai an haɗa da hasashe.

Sai kuma wanda ya fi kowa adadi amma aka bar shi a waje. Muttiah Muralitharan na Siri Lanka ya fitar da mutum 800 a wasanni 133, Warne 708 a wasanni 145, kuma duka jerin biyu Warne suka ɗauka. Tun 1995, da alƙalin wasa Darrell Hair ya hukunta salon jifansa a Melbon, zargin karya doka yake bin Muralitharan, duk da gwaje-gwajen da aka yi masa daga baya da suka nuna gwiwar hannunsa a lanƙwashe take tun haihuwa. Masu goyon Warne suna ƙarawa da cewa Muralitharan ya ci gajiyar raunanan tawagogi irin Zimbabuwe da Bangaladash. Mutanen Siri Lanka kuma suna tambaya, da a ce 800 ɗin na Bature ne, haka za a yi ta yi masa ƙwaƙwa?

Akwai kuma waɗanda ba a ba su damar tara adadin ba tun farko. George Headley na Jamaika wasanni 22 kawai ya samu tsakanin 1930 da 1954, saboda ƙarancin wasannin tawagar tsibiran Karibiyan da kuma yaƙin duniya na biyu, amma lissafinsa 60.83 ne. Jaridu suna kiransa baƙin Bradman, mutanensa kuma suka juya suna kiran Bradman farin Headley. Wannan tawaga ta fara Tes a 1928, amma ba a damƙa wa baƙar fata shugabancinta na dindindin ba sai 1960, da aka naɗa Frank Worrell bayan gwagwarmayar da marubuci C.L.R. James ya yi da alƙalaminsa a jarida a Tirinidad. A Afirka ta Kudu lamarin ya fi muni. Basil D'Oliveira ya bar ƙasar a 1960 domin dokar wariyar launin fata ta hana shi buga mata, ya koma Ingila ya buga mata daga 1966, shekarunsa sun riga sun ja. Da Ingila ta sa shi a tawagar da za ta ziyarci ƙasar haihuwarsa a 1968, gwamnatin John Vorster ta ƙi amincewa, aka soke tafiyar. Daga 1970 zuwa 1991 aka ware ƙasar daga kurket na duniya. Wannan ya sa Barry Richards, farar fata, wasanni 4 kacal ya buga. Shi an san abin da ya rasa, ana kuma yawan jajanta masa. Baƙaƙen da ba a taɓa bari su taka filin ba kuwa, ko sunayen yawancinsu ba sa zuwa bakin masu gardamar.

Shi kansa Bradman bai tsira ba. Bayan rasuwarsa a 2001, Roland Perry ya fitar da littafi ɗauke da jerin da ya ce Bradman ne ya zaɓa. Bakwai daga cikin goma sha ɗayan 'yan Ostireliya ne, babu Viv Richards, babu Warne, amma ga Barry Richards mai wasanni huɗu a ciki. Ke nan ko gwanin gwanaye ƙasarsa da zamaninsa ya fi gani.

'Yan uwa, mu ma muna yawan jera marubuta goma da suka fi, ko littattafai goma da ba kamarsu, a ƙarshe a tashi baram-baram. Daga wannan tarihi ni abu uku na ɗauka. Na ɗaya, ka faɗi ma'auninka kafin ka faɗi sunaye: tasiri kake aunawa, ko yawan aiki, ko ƙwarewa? Na biyu, duk adadin da ka kawo ka faɗi halin da aka tara shi a ciki, domin 189 na Barnes da 355 na Lillee ba a mudu ɗaya aka auna su ba. Na uku, kafin ka rufe jerinka ka tambayi kanka wa aka hana shiga fili, sannan ka rubuta shi ko da a sakin layi ɗaya ne.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi mutum biyu a fagen da ya sani, waɗanda ba zamaninsu ɗaya ba, ya kwatanta su cikin kalmomi 300, ya fara da bayyana ma'auninsa. Zan karanta duk wanda aka ajiye kafin Juma'a, in sha Allahu.

Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka.