Gahawar esfireso: me ya sa ranar suya ta fi sunan Italiya muhimmanci?

A unguwar Kusfa da ke cikin ganuwar birnin Zariya, kamar sauran unguwannin malamai na ƙasar Hausa, shayi ne sarkin abin sha. Gahawar da aka fi sani iri biyu ce: ta gwangwani irin su Nescafé da ake samu a teburin mai shayi, da kuma ta Larabawa wadda alhazai kan zo da ita daga Saudiyya, a sha da dabino.

To amma akwai nau'i na uku da wasu suka ɗanɗano a tafiye-tafiyensu, wato esfireso irin ta Italiya. Ga bayani kan yadda take, da kuma inda mai son ta zai nemi 'ya'yanta sababbin suya.

Mece ce esfireso?

Esfireso, wadda Italiyawa ke rubutawa espresso, ba wani irin tsiro ba ne na daban. Hanya ce ta haɗa gahawa, inda na'ura ke tura ruwan zafi da ƙarfin gaske ta cikin gari mai laushi da aka danne.

A ƙa'idar Italiya, ana amfani da gari kimanin giram 7 a fitar da ruwa mililita 25 cikin daƙiƙa 25, da matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu sau 9. Sakamakon shi ne 'yar gahawa mai kauri, da kumfa ja-ja a samanta.

Angelo Moriondo ne ya yi wa wata na'ura mai aiki da tururi rajista a birnin Turin a shekarar 1884, Luigi Bezzera ya inganta ta a Milan a 1901. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne na'urar Achille Gaggia ta kawo kumfar da aka san esfireso da ita a yau.

Daga ina 'ya'yan suke fitowa?

Italiya dai ba ƙasar noman gahawa ba ce. Tana sayo 'ya'yan ɗanye daga ƙasashe irin su Brazil da Vietnam da Uganda, ta soya, ta zuba a leda da sunanta.

Asalin nau'in arabika daga Habasha yake, kuma Sufaye a Yaman ne suka yaɗa shan ta a ƙarni na 15 domin raya dare da ibada. An taɓa hana shan ta a Makka a shekarar 1511, amma haramcin bai daɗe ba.

Abin da ake kira salon Italiya shi ne a soya 'ya'yan su yi duhu, sau da yawa a gauraya arabika mai ƙamshi da robusta mai ɗaci, wadda ta kusa ninka arabika a sinadarin kafeyin mai hana barci. Wannan kuwa aiki ne da mai suya a Jos ko Legas zai iya yi.

Me ya sa sabuwar suya?

Ana soya 'ya'yan gahawa ba tare da mai ba, kusan kamar yadda ake soya gyaɗa, a zafin da ya haura digiri 200 na tsawon minti 10 zuwa 15. Daga wannan lokaci ƙamshinsu ke fara gudu, iska kuma ta riƙa lalata man da ke jikinsu.

Sai dai kuma wanda aka sauke daga wuta yau bai dace da esfireso ba, saboda yana cike da iskar da suyar ta haifar. Akan bar shi ya huta kamar mako guda, sannan a yi ƙoƙarin shanye shi cikin wata ɗaya ko abin da ya yi kusa da haka.

Idan kuwa aka niƙa, ƙamshin kan ragu cikin ɗan lokaci kaɗan. Don haka ledar da ta tsallako teku, ta zauna a tashar jiragen ruwa, ta kuma shafe watanni a kan kanta cikin zafi, tsada kawai take da ita, ko da ranar lalacewarta ba ta zo ba.

Ana noma ta a Najeriya?

Ƙasar Zazzau ba ta dace da gahawa ba, saboda tsawon rani da zafi. Amma ana noman arabika a tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba, mai tsayin kimanin mita 1,600, da kuma wasu sassan jihar Filato. Robusta kuwa ta fi yawa a jihohin kudu.

Cibiyar binciken koko ta ƙasa da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, ita ke da alhakin binciken gahawa, kuma tana da reshe a Kusuku da ke Mambila.

Noman ya ja baya tun bayan da man fetur ya danne amfanin gona, abin da ya sa ƙasar ke dogaro da gahawar gwangwani daga waje. Farashin arabika a kasuwar New York ya haura dala 4 kan kowace laba a watan Fabrairun 2025, lamarin da ya ƙara wa ta waje tsada a lokacin. Duk kuɗin da aka biya mai suya na gida da ke sayen amfanin Mambila, wani kasonsa na komawa ga manomin Gembu.

Me mai saye zai duba?

Ƙananan masu suya sun fi yawa a Legas da Abuja da Jos, kuma ana iya yin oda ta waya a aiko da saƙon Zariya ta mota.

Abu na farko shi ne a tambayi ranar suya, ba ranar lalacewa kawai ba. Na biyu, a sayi 'ya'yan da ba a niƙa ba, daidai abin da za a sha a wata guda. Na uku, a duba ko ledar na da ɗan maɓallin da ke fitar da iska ba tare da ya bari ta shiga ba.

A gida kuma a ajiye su cikin mazubi mai rufi sosai, nesa da rana da danshin damina, kuma ban da kusa da daddawa ko kayan yaji, domin gahawa na ɗaukar wari.

Wanda ya sami ɗanyun 'ya'ya na iya soya su a kasko, yana juyawa ba tsayawa, sai dai da wuya su soyu bai ɗaya.

Idan babu na'ura fa?

Na'urar esfireso na da tsada, tana kuma buƙatar tsayayyiyar wutar lantarki. A gidajen Italiya ma an fi amfani da 'yar butar nan ta moka, wadda Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, ana ɗora ta a kan gas ko risho. Matsinta bai kai na na'ura ba, amma gahawarta na da ƙarfi.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 na kafeyin a rana ba ya cutar da baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Ƙaramin kofin esfireso ɗaya na ɗauke da kimanin 60 zuwa 80, kuma mai cin goro da shan shayi sai ya haɗa da su a lissafinsa.