Daga Gaba Zuwa Mita: Waiwaye Kan Awon Tsayi a Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe yana da ma'aunansa, kuma a jikinsa yake ɗauke da su. Kamu shi ne daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, gaba kuwa iyakar buɗewar hannaye biyu. Da gaba mahaƙa ke faɗin zurfin rijiya, domin igiyar guga tana kaiwa ƙasa a jawo ta a ƙirga. Matsalar tana ga abin da ya yi sama. Shi ya sa magina suka fi kwatanta ginin ƙasa da tsayin mutum, a ce katanga ta kai mutum biyu ko uku.

Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, tsayinta kimanin mita 15 ne, ko da yake tarihin baka ya nuna ta fi haka a da. Ta Agadas, wadda aka gina a 1515 aka sabunta a 1844, ta kai mita 27. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya gan ta a 1850 ya ƙiyasta ƙafa 90 zuwa 95, wato bai yi nisa da gaskiya ba.

Abin da manazarta suka cika tsallakewa shi ne awon inuwa. Malaman zaure sun daɗe suna gane shigar La'asar idan inuwar abu ta yi daidai da tsayinsa, bayan an cire inuwar zawali, suna lissafa tsayin mutum da tafin ƙafarsa bakwai. Wannan ita ce dabarar da aka ce Thales na Girka ya auna dalar Masar da ita: a kafa sanda, a jira inuwarta ta yi daidai da ita, sannan a auna inuwar ginin.

Nijeriya ta koma awon mita a shekarun 1970, littattafan firamare suka bi, tsofaffin kalmomin suka fara ɓacewa daga aji. A ganinmu wannan asara ce ga manhajar Hausa da ta lissafi baki ɗaya. Malami a unguwar Dawaki ta Gombe ba ya buƙatar komai face sanda da igiya da hasumiyar masallacin unguwa: ɗalibai su auna inuwarta da gaba, su sake aunawa da mita, su ga da idonsu dalilin da ya sa gabar malam da ta ɗalibi ba su ba da amsa ɗaya ba.