Tarihin Hulɗar Wutar Lantarki Tsakanin Nijar da Nijeriya

Gabatarwa

Kogin Kwara, wanda ake kira Neja a littattafai, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya bi iyakar Benin, sannan ya shiga Nijeriya. Wato ruwan da ke isa Nijeriya sai ya bi ta gaban birnin Yamai tukuna. Wannan shi ne tushen hulɗar makamashi da ke tsakanin ƙasashen biyu: ɗaya tana sama da ruwa, ɗaya kuma tana ƙasa da injunan wuta.

Mafarin Hulɗar

Bayan samun ƴancin kai, ƙasashen da ke amfana da kogin sun kafa Hukumar Kogin Neja a 1964, aka ajiye hedikwatarta a Yamai. A wannan shekara ce Nijeriya ta fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka kammala ta a 1968. A 1968 ɗin ne kuma Nijar ta kafa kamfaninta na wuta, wato NIGELEC. Sai a 1971 ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta musamman a tsakaninsu.

Amfanin wannan zumunci ya fito fili a 1976, lokacin da aka ja layin wuta daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Daga baya aka ja wani daga Katsina, wanda ke ba Maraɗi da Damagaram wuta. Ga Nijar, sayen wutar Kainji ya fi sauƙin kuɗi a kan ƙona man dizal da ake kawowa daga nesa. Ita kuwa Nijeriya, jami'anta sun sha bayyana cewa ana sayar wa Nijar wuta ne don kada ta datse kogin, ruwan Kainji ya ragu. Ashe ke nan kowane ɓangare yana riƙe da abin da ɗan'uwansa ke bukata.

Yunƙurin Dogaro da Kai

Duk da haka Nijar ba ta zauna jira kawai ba. A 1981 tashar kamfanin SONICHAR mai amfani da kwal ta fara aiki a Anu Araran, tana ba Agadas da ma'adinan yuraniyom na Arlit wuta. A 2008 Shugaba Mamadou Tandja ya aza harsashin madatsar Kandaji, wadda aka tsara za ta ba da megawat 130, amma aikin ya yi ta samun tsaiko. A 2017 aka buɗe tashar Goru Banda kusa da Yamai. Da yake jama'a na ƙaruwa, birane na faɗaɗa, waɗannan ayyuka ba su wadatar ba. Zuwa 2022, kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar NIGELEC daga Nijeriya take zuwa.

Rikicin 2023

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS, wadda ake kira CEDEAO a Nijar, ta ƙaƙaba takunkumi, Nijeriya kuma ta yanke wuta a farkon Agusta. Nan take ɗaukewar wuta ta yawaita a manyan birane. Asibitoci da masu injin niƙa da masu sayar da ƙanƙara su ne suka ji jiki, ba masu mulki ba. Tashar hasken rana mai megawat 30 da ta fara aiki a Goru Banda ƙarshen shekarar ta ɗan rage raɗaɗin. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, wuta ta dawo a watan Maris.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa yarjejeniyar da ta yi shekaru kusan hamsin tana aiki, siyasa na iya tsayar da ita cikin kwana guda. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba abin mamaki ba ne Nijar ta ƙara himmar samar da wutarta. Amma ko da an kammala Kandaji, kogin dai guda ne. Yawan ruwan da za a tare da wanda za a saki zuwa Kainji zai ci gaba da tilasta wa maƙwabtan biyu zama a teburi ɗaya.