FIM ƊIN KABOYI NA FARKON ZAMANIN MAGANA: TARIHINSA DA ABIN DA YA BAR MANA

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kalmar "kaboyi", ko da bai taɓa shiga silima ba. Asalinta Turanci ce, ma'anarta kuwa makiyayin shanu na yammacin Amurka. A wannan ɗan bayani zan yi ƙoƙarin bin sawun finafinan kaboyi na shekarun 1930, watau sa'ad da fim ya fara magana, in nuna abubuwan ban mamaki da ke cikinsu, da dalilin da ya sa suka shiga ran mutanenmu. Ni ɗan Wanke ne ta ƙasar Gusau, don haka a ƙarshe zan auna su da ma'aunin gida.

Yadda Kaboyi Ya Sami Baki

Kafin 1927 fim bebe ne, sai hoto da rubutu. Da magana ta shigo, masu sana'ar suka ɗauka kwanan kaboyi ya ƙare, domin na'urar ɗaukar murya ta lokacin ba ta son iska ko motsi, shi kuwa kaboyi ba shi da aiki sai sukuwa a fili. Fim ɗin In Old Arizona na 1928 shi ya ƙaryata wannan zato, don a waje aka ɗauki yawancinsa, har jaruminsa Warner Baxter ya ci kyautar Oscar. A 1930 aka zuba kuɗi aka yi The Big Trail da wani saurayi mai suna John Wayne, amma kuɗin bai dawo ba. Daga nan manyan kamfanoni suka ja baya, ƙanana irin su Monogram da Republic suka karɓe kasuwar. Fim ɗinsu bai cika wuce awa guda ba, sau da yawa kuma cikin mako ɗaya ake gama ɗaukarsa. John Wayne kansa ya yi kusan shekara tara a cikin irin waɗannan kafin Stagecoach na 1939 ya fito da shi.

Abubuwan Ban Mamaki

Masu iya magana sun ce gaggawa aikin Shaiɗan, kuma da ganin finafinan nan an san an yi su da gaggawa. Alal misali, a 1932 da 1933 kamfanin Warner ya riƙa yanko sassan sukuwa daga tsofaffin finafinan bebe na Ken Maynard yana liƙawa a cikin sababbi. Sai a sa wa John Wayne tufafi irin na Maynard, a ba shi farin doki irin nasa, don kada mai kallo ya gane. A Riders of Destiny na 1933 an mai da shi kaboyi mawaƙi, alhali muryar da ake ji ta wani ce, shi motsa baki kurum yake yi.

Bugu da ƙari, zamani yakan rikice musu. A finafinan Gene Autry, wanda tauraronsa ya fara haske a 1935, sai ka ga mota da rediyo da wayar tarho, amma in ɓarayi sun gudu da doki ake bin su. Libarba mai cin harsashi shida sai ta yi ta aman wuta babu ɗuri. A yi dambe a farfasa tebur, malafar jarumi na nan daram a kansa. An saba cewa mai farar malafa shi ne na kirki, sai ga Hopalong Cassidy, jarumi, da baƙaƙen kaya. Akwai kuma wanda ba abin dariya ba ne: makiyayan gaskiya da yawa baƙar fata ne ko mutanen Meziko, amma fim ya mai da su kusan duka farare, ya kuma nuna 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka ƙwace wa filaye, kamar su ne maharan.

Zuwansu Ƙasar Hausa

Fim ya zo mana ta hanya biyu. Ta farko majigi, wanda gwamnati ke yawo da shi a mota gari gari, kyauta, don koyar da noma da tsabta. Ta biyu silimar kuɗi, wadda Kwarori suka fi riƙewa. A Kano an buɗe Rex a 1937. Malamai da iyaye ba su yi na'am da silima ba, gobarar El Duniya ta 1951, wadda ta ci mutum 331, ta ƙara musu ƙyamarta. Duk da haka samari ba su fasa ba.

A ganina dalili uku ne. Na farko, ba sai ka ji Turanci ba: da ganin fuska ka san akta, ka san bos. Na biyu, doki. Mutanen da suka saba da hawan salla sun san zaman sirdi da riƙon linzami, don haka da idon gwani suke kallo. Na uku, ginin labarin irin na tatsuniya ne: azzalumi ya yi ta cin karensa babu babbaka, ƙarshe alhaki ya kama shi. Daga baya finafinan Indiya suka ƙwace kasuwar, amma kalmar ta zauna, har akan kira yaro mai rawar kai da ita.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu yin nazarin wannan. A 1966 Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya komo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka zama 'yan ta'adda, suka hana ƙauyensu sakat.

Kammalawa

In ka tuɓe wa finafinan nan malafa, me ya rage? Satar shanu, rigimar mashaya da burtali tsakanin manomi da makiyayi, da kwaɗayin zinariya. Ɗan Zamfara bai bukatar a fassara masa ko ɗaya, domin su ne suka raba dubban mutanenmu da gonakinsu tun daga shekarun 2010. Fim yana cewa mutum ɗaya mai saurin zare bindiga ya isa ya gyara gari cikin awa guda. Tarihin Amurka bai ce haka ba. A rikicin gundumar Johnson ta jihar Wayomin a 1892, manyan masu shanu sun yi hayar 'yan bindiga don su kashe waɗanda suke zargi da sata, abin bai lafa ba sai da soja suka shiga, aka kuma bar gaba ta shekaru.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mu kalli tsofaffin finafinan nan mu yi dariya, amma mu tuna wanda ya tsara su kuɗi yake nema. Dattawan da suka kalle su a Gusau da Kano suna ƙarewa. Ya kamata mu je mu ɗauki bayaninsu mu rubuta, tun ba su tafi da shi ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.