Kayan aro ba ya rufe katara: abin da ya faru a MySpace

Kafin Facebook ya cika duniya, MySpace ne dandalin matasa. An buɗe shi a Amurka a 2003. A can kowa na iya yi wa shafinsa kwalliya da CSS, wato rubutun da ke tsara launi da fasali. Da yawa ba su iya ba, sai su kwafo na wani.

A Oktoba 2005, Samy Kamkar, ɗan shekara 19, ya ɓoye JavaScript cikin CSS. Duk wanda ya leƙa shafinsa ya kamu, shi ma ya harbi wasu. Cikin awa 20 an wuce mutum miliyan ɗaya, dole aka rufe MySpace na ɗan lokaci.

A Maris 2007 kuma, Mike Davidson ya tarar shafin kamfen ɗin John McCain na jawo hoto daga na'urarsa ba izini. Sai ya musanya hoton da saƙon ba'a, ya fito a shafin ɗan takarar.

To ƴan uwa, kun gani: in kwalliyar shafinka tana ajiye a gidan wani, ran da ya so zai sauya maka fuska.