Sunayen Finafinan Indiya a Kunnen Bahaushen Zangon Kumasi

Tun daga shekarun 1950, 'yan kasuwa Sindawa da Labanawa suka riƙa shigo da finafinan Indiya ƙasar Gana, kuma mazauna zango na cikin waɗanda suka fi karɓar su. *Albela* (1951) na Bhagwan Dada ya daɗe ana maimaita shi. Abin tambaya shi ne, yaya wanda bai san Hindi ba yake gane sunan fim, har ya riƙe shi?

Wani ɓangare na amsar yana cikin Larabci. Hindi da Urdu sun ari kalmominsa ta hanyar Farisanci, Hausa kuwa ta hanyar addini da fatauci. Saboda haka wanda ya ji *Noorie* (1979) zai tuna da sunan Nura, wato haske. *Muqaddar Ka Sikandar* (1978) kuwa ƙaddara ce da Iskandari.

Ɗalibi na iya gwada wannan da kacici-kacici: “Gidan kowa, ba mai dawwama a ciki.” Amsa: *Duniya* (1984). Wannan mai sauƙi ne.

Sai dai akwai tarko, kuma a ganina nan ne darasin ya fi daɗi. *Adalat* (1976) na Amitabh Bachchan zai sa Bahaushe ya ce “adalci”, alhali a Hindi ma'anarsa kotu ce. Tushen ɗaya ne, amma Hausa ta riƙe halin, Hindi ta ba wa wurin da ake neman sa suna.